Saura Kwana Tara a Garanti

Motar ta yi wata huɗu da kwana goma a ƙarƙashin bishiyar mangwaron gidanmu da ke Hayin Banki, daidai kwanakin da na yi ina takaba. Ƙarama ce, ruwan toka, 'yar Kwatano, irin wadda ba a taka mata kuloci, ita ke canza wa kanta giya. Saboda ni maigidana ya sayo ta. Tsohuwar motarmu mai giyar hannu ce, duk ranar da na ja ta sai ta mutu mini a shataletale, na baya suna ta danna hon. Ya ce ya gaji da jin labarin, ya sayar da ita ya kawo wannan. Sati biyar ya yi yana hawanta. Ran wata Asabar da hantsi ya ce kansa na sarawa, ya kwanta a falo. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Daga tagar ɗakina ina hango motar. Lokacin mangwaro ya zo ya wuce a kanta. Da rana sai in ji ƙwal, wani ya faɗo a kan rufin, ya gangara ƙasa. Yayana, wanda ke sayar da yadi a kasuwa, shi ke zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tayar da ita don kada batir ya mutu. Yakan bar ta tana aiki kamar minti goma, ya kashe, ya shigo mu gaisa, ya rataye makullin a ƙusar da ke bayan ƙofa. Ko taku ɗaya bai taɓa matsar da ita ba. Da aka zo rabon gado aka bar mana ita, ni da yara biyu.

Ranar da zan koma aiki na fito da bokiti na wanke ta da kaina. A wata ma'aikatar gwamnati nake aiki a Doka, sashen ajiye fayil. Da na shiga na zauna, ƙafata ba ta kai birki ba, don kujerar tana nan inda maigidana ya bar ta. Na laluba ƙarfen da ke ƙasa na jawo ta gaba. Hularsa tana kan dashbod, rana ta cinye gefe ɗaya. Na buɗe ɗan akwatin gaba na saka ta na rufe. Na jira in ji wani abu a raina. Da ban ji ba, sai na murɗa makulli.

Tun a ranar ta fara nuna halinta. Na hau babban titi, na wuce Unguwar Shanu, na taka totur don in wuce wata bas. Injin ya yi ƙara, allura ta haura sama, amma motar ba ta ƙara gudu ba. Can sai na ji gam daga ƙasa, kamar wani ya hamɓare ta ta baya, ta zabura gaba. Na ɗauka ni ce ban iya ba. Na daɗe ban yi tuƙi ba, a kwanakin nan kuma komai ya lalace nakan ɗauka daga gare ni ne. Kwana uku ina zuwa ina dawowa a haka. Na koyi sassauta ƙafa kafin ta yi hamɓarin, ban kuma gaya wa kowa ba.

A rana ta huɗu, da yamma, na shiga cunkoso kusa da Kawo. Muna tafiya muna tsayawa har wajen rabin awa. Da hanya ta buɗe na taka, sai injin ya yi ta kuka, motar tana tsaye. Na mayar da giya wurin tsayawa na sake sakawa, shiru. Wani wari ya shigo, kamar an bar tukunya a wuta ruwan ya ƙone. Na baya suka fara hon. Wani direban tanka ya leƙo yana magana da hannu. Ina ganin bakinsa na motsi, ina jin hon ɗin, amma kamar a wani gida ake yi, ni ina maƙwabta. Hannuna biyu suna kan sitiyari. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba, sai da wani mai keke ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Hajiya, cire ta daga giya mu tura ki gefe."

Su uku suka tura ni. Na yi musu godiya, na kira Yaya. Kafin ya iso motar ta huce. Ya tayar da ita, ta tafi lafiya lau kamar ba ita ba.

Washegari ya zo da bakanikensa. Mutumin ya zaro wani dogon ƙarfe daga cikin inji, ya shafa man da ke jikinsa a yatsa, ya shinshina, ya miƙo mini in gani. Ya ce man giya ja ne, wannan kuwa ya koma kamar shayin da ya kwana.

"Giyabos ne," in ji shi. "Amma kafin in sa mata sifana, a ina aka saye ta? Ba su ba da garanti ba? In na kwance ko ƙusa ɗaya, cewa za su yi ni na ɓata."

Yaya ya dube ni. Na ce ban sani ba. Na buɗe akwatin gaba, na ɗaga hular, a ƙarƙashinta akwai ambulan mai ruwan ƙasa da takardun mota a ciki. Ta ƙarshe ita ce ta garantin. Shafi ɗaya ce. An rubuta wata shida, inji da giyabos kawai, da sharaɗin kada wani bakanike na waje ya taɓa. A ƙasa ga sa hannun mai wurin, ga na maigidana, da wannan doguwar wutsiyar da yake ja a ƙarshe. Na duba ranar da aka rubuta, na lissafa da yatsu, na sake lissafawa. Saura kwana tara.

Wurin sayar da motocin yana bakin titi, fili ne babba da aka kewaye da waya, motoci a jere an rubuta lambobi da farin alli a gilashinsu. Ofishin ɗaki ɗaya ne a ƙurya, da sanyin na'ura da ƙamshin turaren wuta. Mai wurin dattijo ne mai jiki, kowa Alhaji yake ce masa. Da Yaya ya faɗi ko ni wace ce, sai ya ajiye wayarsa ya ɗaga hannu biyu. Ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce ya ji labari a makare, ya ce marigayi mutumin kirki ne, ba ya ja-in-ja a ciniki. Ya sa aka kawo mana ruwa. Na ce amin a duk inda ake cewa amin.

Sannan Yaya ya ajiye takardar a kan tebur.

Alhaji ya karanta ta a hankali, kamar ba daga ofishinsa ta fito ba. Ya ajiye, ya ɗora hannu a kai.

"To, Hajiya, kin ga abin da ke nan. Garanti tsakanina da wanda ya saya ne. Shi kuma Allah ya yi masa rasuwa."

"Motar ai ba ta rasu ba," in ji Yaya.

"Haka ne. Amma mota ta yi wata huɗu a tsaye, ba abin da ba zai same ta ba. Mai yana daskarewa, roba tana bushewa. Kuma, ki yi haƙuri Hajiya, irin waɗannan motocin suna son wanda ya san hannunsu. Wasu sai su taka birki da totur lokaci guda."

Muryar Yaya ta fara hawa. Ya ce shi da kansa yake tayar da ita duk sati. Alhaji ya ce tayarwa daban, tafiya daban. Suka yi ta yi. Ni ina kallon wata butar roba shuɗiya da ke bayan ƙofa, murfinta ya ɓata an toshe bakin da leda. Ina tunanin ko na cire kifi daga firiza kafin in fito. Maganar motata ake yi, da mijina, da ƙafata a kan birki, amma ban ji ko ɗigon ɓacin rai ba. Na san ya kamata in ji. Na ma nemi abin a cikina, kamar yadda ake laluben ashana a kicin, ban same shi ba.

A ƙarshe Alhaji ya ce, saboda darajar marigayi, a kawo ta Litinin ta sama a duba, don bakanikensa ya yi tafiya. Muna fita Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga.

"Litinin ta sama kwana goma sha ɗaya ke nan. Kin gane abin da yake nufi?"

Na ce na gane.

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

Na ce to me zan ce. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya buɗe mini ƙofar mota.

Da yamma ina tsince shinkafa, babbar 'yata, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, ta zauna kusa da ni ta tambayi yadda aka yi. Na gaya mata a taƙaice. Ta ce, "Umma, ai Abba ya gaya wa mutumin. Ina falo ya yi masa saƙon murya. Ya ce motar tana fizga."

Wayarsa tana cikin durowar gefen gado tun ranar. Na sa ta a caji. Da ta kawo wuta, 'yar tawa ta zana alamar buɗewa da yatsa, don ita ta sani, ni ban taɓa tambaya ba. Saƙonni suka yi ta shigowa, na ta'aziyya ma a ciki, mutane suna yi wa mamaci ta'aziyyar kansa a wayarsa. Ta nemo sunan Alhaji. Ga saƙon nan, ran Alhamis, kwana biyu kafin rasuwar. A ƙasansa ga amsa, ita ma ta murya. Ta miƙo mini wayar ta tashi ta shiga ɗakinsu ta rufe ƙofa. Ban kunna ba. Na saka wayar a jaka na koma kan shinkafata.

Da safe ban kira Yaya ba. Na nemi izini a ofis na tafi ni kaɗai. Na tarar da Alhaji da baƙi biyu suna cinikin wata babbar mota. Na zauna a kujerar gefe har suka ƙare magana. Ya ce, "Hajiya, ai mun ce Litinin ta sama." Na ce e, abu ɗaya na kawo ya ji. Na ajiye wayar a kan tebur na danna.

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na zata. Ya yi sallama, ya tambayi iyali da kasuwa, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta wanda ba ya son ya takura wa mutum. Ya ce motar nan fa tana ɗan ba shi tsoro, in ta ɗau zafi sai ta riƙa jinkiri kafin ta shiga giya ta uku, sannan ta fizga. Ya ce don uwargida ya saya, ba ya son ta tsaya mata a hanya. Daga nesa sai ga wata murya, ta mace, tana tambaya ko miyar kuka za a yi ko ta kuɓewa. Ya ce, "Kuɓewa," ya dawo kan maganarsa, ya ce yaushe zai kawo ta.

Sai da saƙon ya ƙare na gane muryar macen tawa ce.

Na danna na biyun. Muryar Alhaji ce, da hayaniyar titi a bayanta. "Ba komai, ranka ya daɗe. Kawo ta ran Litinin, in giyabos ne ma a canza. Ai tana cikin garanti."

Baƙin nan biyu suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya ce Allah ya jiƙansa, a hankali. Alhaji ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ya ce wallahi ya manta da saƙon nan, saƙonni suna yi masa yawa. Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Ni dai ina zaune ina kallon wayar, ina lura da cewa cajin ya kusa ƙarewa. Na yi wata biyar ban ji muryar nan ba, na ji ta a gaban maza uku baƙi, abin da ya zo mini kawai shi ne ashe a ranar kuɓewa muka ci.

Alhaji ya leƙa ƙofa ya ce a kira masa Baba. Bakaniken da aka ce ya yi tafiya ya fito daga bayan ofis yana goge hannu da tsumma. Ba wanda ya tayar da maganar tafiyar. Tsoho ne siriri, da furfura a gemu, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Alhaji ya juya takardar garantin, ya rubuta a bayanta cewa an kawo ƙorafi tun ranar Alhamis ɗin nan, kuma gyara yana kansa har motar ta tashi, ko da wa'adi ya wuce. Ya sa hannu ya miƙo mini. Na ce na gode.

Na ɗauka an gama. Ashe farawa aka yi.

Da farko Baba ya ce a gwada abu mai sauƙi. Aka juye man giya aka zuba sabo, aka canza matacinsa. Bayan kwana biyu na karɓi motar. Ta yi mini kwana biyar lafiya, a na shida ta tsaya a gaban wani gidan mai a Unguwar Sarki, ruwan sama na zuba. Na kashe ta na zauna ina kallon ruwan yana gangara a gilashi har ta huce, na lallaɓa ta na mayar musu. Karo na biyu aka kira wani mai kwamfuta, ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya ce wani ƙaramin abu ne na lantarki da ke gaya wa giya lokacin canzawa. Aka nemo shi a kasuwar Panteka aka saka. Wannan karon ko gida ban kai ba. A kan gadar Kawo ta saki, na gangaro da ita a hankali da sauran gudun da ke jikinta, na tsaya a gefe. Janwe ce, motar jan motoci, ta zo ta ɗauke ta. Na tsaya a bakin titi ina kallon ta tana tafiya da gabanta a sama, sannan na tare keke.

Sai a lokacin Alhaji ya yarda a sauke giyabos ɗin. Ya ce za a kawo wani daga Legas, na Kwatano mai kyau, sati ɗaya. Sati ɗayan nan ya zama biyar. Yau a ce kaya suna hanya, gobe a ce motar da ta ɗauko su ta lalace, jibi a ce an kawo amma ba irin nata ba ne, an mayar.

A makonnin nan na saba da garejin. Yana bayan filin motocin, rumfar kwano ce da rami a tsakiya, ƙasa ta yi baƙi da mai. In na tashi daga aiki sai in hau keke in sauka a can, ba don ina tsammanin wani labari ba. Ƙafata ce kawai take kai ni. Akwai wani benci da aka yi da tsohuwar kujerar bas, nan nake zama. Motata tana gefe a kan duwatsu, ba tayoyin gaba, an rufe gilashin da kwali. Baba ba mai yawan magana ba ne. Mu gaisa, ya ce ba labari tukuna, ya ci gaba da aikinsa. In yi kamar rabin awa in tashi. A gida mutane suna zuwa su dube ni da tausayi, a ofis ana rage murya in na shigo. A garejin ba wanda ya damu da fuskata.

Wata rana ya kira ni ya ce in zo in gani. Ya buɗe tsohon giyabos ɗin a kan buhu, ya jera kayan cikinsa. Ya ɗauko wasu faya-fayai sirara masu haƙora a gefe, ya ce waɗannan su ke kama juna mota ta tafi. Ya goga ɗaya da babban yatsa, baƙin gari ya zubo. Ya nuna mini kaskon da ke ƙasa, da wani maganaɗisu a ciki da garin ƙarfe ya lulluɓe kamar gashi.

"Kin ga wannan? Ba aikin wata shida ba ne. Ba aikin shekara ɗaya ba ne ma. Tun kafin ta hau jirgin ruwa take ciwo. An zuba mata mai mai kauri ne don ta yi shiru a sayar."

"Alhaji ya sani?"

"Shi ma haka ya saye ta. Ba ya buɗe su, wankewa kawai ake yi." Ya ajiye faifan. "Na dai ce ki gani da idonki, don na ji abin da aka ce miki ranar farko. Ba ƙafarki ba ce, Hajiya."

Na ce to. Ya ba ni tsumma na goge hannu, don ban san sanda na taɓa garin ba.

Kowa da shawararsa. Mahaifiyata ta ce in an gyara in sayar, motar da ta fara da haka ba ta da albarka. Yaya ya ce a kai Alhaji hukuma ya dawo da abin da aka ba shi. Wata abokiyar aikina ta ce ita ba ta taɓa ganin mai haƙuri irina ba, da ita ce da tuni ta tara wa mutumin jama'a. Na bar ta a haka. Ba haƙuri ba ne. Mai haƙuri yana jin abin ne ya danne. Ni ko an ce mini motar ta ƙone ƙurmus, ina jin to ɗin nan dai zan ce, in nemi keke.

Ran wata Laraba Baba ya kira ni a waya, karo na farko, ya ce an ɗaura. Na je bayan la'asar. Ya ce ba zai ba ni ita ba sai mun gwada tare, kuma ni zan ja. Muka hau hanyar Zariya. Ina tafiya a hankali yadda na saba, ina sassauta ƙafa a daidai inda take hamɓari.

"Taka ta," in ji shi.

Na ɗan ƙara.

"Hajiya, taka ta sosai. In za ta mutu gara ta mutu ina ciki."

Na taka. Ya karkata kai yana saurare, yana ƙirga da yatsa a kan gwiwarsa. Ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ban ji shigar ko ɗaya ba. Muka kai Rigachikun muka juyo, ya sa na shiga cunkoson Kawo da gangan, muka daɗe a ciki har inji ya ɗau zafi. Da hanya ta buɗe na taka, ta tafi. Ya ce alhamdu lillahi, ya cire tabaransa ya goge da bakin riga.

Muka koma filin don in sa hannu cewa na karɓa. Na fito na zagaya in ɗauki jakata a kujerar baya, sai idona ya faɗa ƙasan kujerar mai zaman banza, ta gefen direba. Tabarmar ƙafa ba ta nan. Sauran ukun suna nan, ruwan toka, ita kaɗai ce babu. Na duba but ɗin baya, na duba ƙarƙashin kujeru. Na tambayi Baba, ya ce wataƙila an cire ta ne lokacin aiki, za a duba.

Ban san daga ina abin ya taso ba. Na shiga ofishin Alhaji ko sallama ban yi ba, na ce ina tabarmata. Ya ce wace tabarma. Na ce ta ƙafa, ta gaba, da ita na kawo motar, huɗu ne cif. Na ce wata biyu ina zirga-zirga a keke cikin ruwa, an ce ban iya tuƙi ba na yi shiru, an ce bakanike ya yi tafiya na yi shiru, an ce sati ɗaya ya zama biyar na yi shiru, yanzu kuma tabarmar ma sai an ɗauke? Muryata tana fita har waje. Masu wankin mota suka tsaya da tsumma a hannu. Na ce ba inda za ni sai an kawo mini ita. Na ja kujera na zauna.

Alhaji ya miƙe. Mutumin da ya yi jayayya da Yaya a kan giyabos guda, ga shi zai je neman tabarmar roba. Ya fita da kansa. Ina jin sa yana faɗa a gareji, ana ɗaga kwali ana jan ƙarafa. Ba a same ta ba. A ƙarshe ya buɗe wata mota daga cikin na sayarwa, ya zaro tabarmar gabanta, ya kawo ya shimfiɗa mini da hannunsa. Baƙa ce, ta kuma ɗan fi wurin girma, gefenta ya hau jikin ƙofa.

"Ki yi haƙuri, Hajiya," ya ce. "A yafe mu."

Na sa hannu a takardarsu. Na ja motar na fita, na yi kamar tafiyar minti biyar, na tsaya a gefen titi kusa da masu sayar da lemo, don idona ya cika ba na ganin hanya sosai. Ban daɗe ba. Na share fuska da bakin mayafi, na sayi lemo tunda na riga na tsaya a gabansu, na tafi gida.

Ban sayar da motar ba. Shekara huɗu ke nan tana kai ni aiki tana dawo da ni. Da safe in ba ta ɗau zafi ba takan ɗan yi nauyi kafin ta shiga ribas, Baba ya ce haka irinsu suke, in riƙa ba ta minti biyu. Shi ke canza mini man giya har bara da ya daina aiki saboda ido. Alhaji kuwa mun haɗu sau ɗaya a wajen wani ɗaurin aure, ya aiko a gaishe ni daga ɓangaren maza, na aika ina amsawa.

A yammacin da na dawo da ita, 'yata ce ta buɗe mini get. Ta zagaya motar, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta dubi ƙasa.

"Umma, wannan ai ba tamu ba ce."

Na ce haka aka samu. Na miƙa mata ledar lemon na ce ta kai ciki, ta yanka wa ƙaninta biyu kafin ya tafi Islamiyya.